Ɗalibi Ba Ya Gyara Takardar Jarrabawarsa

Shekara ashirin ke nan ina koyarwa, kuma ban taɓa ganin an bar malami ya gyara takardun ɗalibansa a jarrabawar BEPC ba. Akan rufe sunan yaro, a miƙa takardar ga malamin da bai san shi ba. Iyaye a nan Matamaye sun yarda da sakamakon ne saboda wannan. Ƙasarmu Nijar ma ta taɓa miƙa takardarta ga mai gyara na waje, kuma tarihin abin ya kamata mu san shi.

Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Shekaru da dama talaka bai san nawa kamfanoni ke biya ba, bai san nawa ke shiga baitulmali ba. A 2003 aka kafa wani shiri na duniya a Landan, wanda muka sani da ITIE. Tsarinsa mai sauƙi ne. Kamfani ya faɗi abin da ya biya, gwamnati ta faɗi abin da ta karɓa, wani mai bincike mai zaman kansa ya gwada lissafin biyu. Kwamitin da ke sa ido a cikin ƙasa kuwa dole ya haɗa gwamnati da kamfanoni da ƙungiyoyin farar hula.

Nijar ta shiga a matsayin ƴar takara a 2007. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ƙara ƙarfi: aya ta 150 ta wajabta a buga kwangilolin ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati. A Maris 2011 aka ce mun cika sharuɗɗan ITIE. A Nuwamban shekarar aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, mai iya tace ganga 20,000 a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, kashi 40 namu. Na tuna yadda muka yi murna a ɗakin malamai, muna cewa yanzu kam za mu ga lissafi.

Sai aka sake gyara takardarmu a Oktoba 2017, da ma'auni mai tsauri. Masu tantancewa ba su tsaya ga rahotannin da aka buga ba. Sun duba ko ɗan ƙasa na iya tambaya ba tare da tsoro ba. Ali Idrissa na ƙungiyar ROTAB, wanda ya daɗe yana neman a bayyana kwangiloli, an sha tsare shi. Hukumar ITIE ta yanke cewa ci gaban bai wadatar ba, ta dakatar da Nijar. Gwamnati ba ta karɓi makin ba, ta fice daga shirin baki ɗaya. Sai a Fabrairu 2020 muka koma.

Kowane malami ya san irin wannan ɗalibi. Ranar da ya ci, mai gyara adali ne. Ranar da ya faɗi, sai ya yaga takardar. Amma ni ban ɗora laifin duka a kan Yamai ba. Rahotannin nan da Faransanci aka rubuta su, cike da jadawali, kuma ban taɓa jin an karanta ɗaya da Hausa a taron iyaye ba. Mu malamai da muka iya karanta su, nawa ne cikinmu suka nema?

Abin ya zo mini gida wata shekara da aka tara kuɗin rufin aji a makarantar da nake. Damina ta wuce, yara na nan a rumfar kara. Da wata uwa ta nemi ganin littafin kuɗi, aka ce ta raina manya. Ni ma na yi shiru, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Iyaye da ƴan'uwana malamai, kwamitin COGES na makarantarku shi ne inda za mu fara. Ku nemi a liƙa kuɗin shiga da na fita a ƙofar makaranta. Ku zaɓi mutum biyu da ba sa cikin kwamitin su duba rasit a ƙarshen shekara. In sakamakon bai yi daɗi ba, a karanta shi haka nan a gaban kowa. Yaron da ya ga mahaifiyarsa ta tambayi kuɗin alli aka ba ta amsa, shi ne gobe zai tambayi kuɗin man Agadem.