A-kori-kura: Tarihin da ke Gaban Mota



Shekara goma sha ɗaya a-kori-kurar kawuna ta yi a ajiye a gindin wata darbejiya a Zariya, kaji na yin ƙwai a bodinta. Peugeot 404 ce, wadda mu muke kira Fijo. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, 'yan gwangwan suka yi mata kuɗi bisa nauyin ƙarfenta, ni kuma na ce a sa min ita a kasona. Injin bai wahalar da mu ba, bakanike ya tashe shi cikin mako biyu. Gaban motar, wato inda direba ke zama, shi ya ci mana wata bakwai, kuma shi ya tura ni bin tarihinta.

A shekarar 1960 kamfanin Peugeot ya fito da 404 a Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta. Mai buɗaɗɗen baya, wadda ta zama a-kori-kurarmu, ta biyo baya a 1967. Ba a yi ta don ado ba. Injin fetur ne mai cc 1,618, ko kuma na dizal, a baya ga sifirin na faranti irin na manyan motoci, tana ɗaukar kaya wajen tan guda a takarda. A hanyar kasuwar ƙauye kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ta ɗauka. A gaba benci ɗaya ne dogo, giya kuma a jikin sitiyari take, ba a ƙasa ba. Wannan ya bar wurin sa ƙafa a sarari, shi ya sa wurin da Bafaranshe ya yi wa mutum uku direbobinmu suka mayar da shi na mutum huɗu.

Yadda ta zama 'yar gida kuwa, sai mu koma zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai su zo su haɗa motoci a nan. Volkswagen ta zauna a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Peugeot ta sami Kaduna, inda masana'antar PAN da ke Kakuri ta fara aiki a 1975. A wannan shekarar tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, jirgi kan yi watanni yana jiran layi. Saboda haka sai aka riƙa ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga birnin Lyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna a ɗaura. Ku duba fa: ƙofa da benci da dashbod na motar da za ta ƙare tana jigilar awaki, sun shigo ƙasar nan ta sama, gatan da yawancin fasinjojinta ba su taɓa samu ba.

Ƙanwarta 504, da ta fito a 1968, ita ma ta sami tata a-kori-kurar a 1979, kuma Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa.

Amma ni a ganina shekarar da ta fi muhimmanci a rayuwar waɗannan motoci ita ce 1986. Kafin nan naira da dala kusan kunnen doki suke. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin SAP, aka buɗe kasuwar canji a watan Satumba, dala ɗaya ta haura naira 4 nan take, kuma ba ta sake waiwayowa ba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwar ƙauye, sabon kayan gyara ma haka. Daga nan ne mota ta koma cin 'yar uwarta. Wadda ta yi haɗari ko injinta ya buga ba a yar da ita, sai a farke ta kamar sa a mahauta, kowane sashe da mai nemansa. Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suka zama wuraren da ake zuwa neman abin da shago ya daina sayarwa, sannan kayan gwanjo na Turai, waɗanda ake kira Beljiyam, suka riƙa shigowa ta Legas da Kwatano.

Duk wannan na same shi a cikin bencin kawu. Da mai ɗinkin kujera ya farke ledar sama, sai ga wata ledar a ƙarƙashinta, ita ma da wata a ƙarƙashi. Ta can ƙasa ce ta masana'anta, ɗinkinta a miƙe kamar an ja da rula. Ta tsakiya mai kauri ce, aikin gwani, an sa sabon soso, alamar lokacin da akwai kuɗi. Ta sama kuwa sirirriya ce, kuma inda soso ya mutu an cusa buhu da kwali da yankin tsohon bargo. Sifirin biyu da suka karye an ɗaure su da wayar birkin keke. A lungun bencin mun tsinci kwabbai masu ɗauke da shekarar 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam.

Neman dashbod ne ya kai ni Panteka. Namu rana ta farfasa shi, agogon gudu ya tsaya. Na yi murna da na ga wani mai kyau a rataye a wata rumfa, har na fara ciniki. Dattijon da ke wurin ya tambaye ni ta wane hannu sitiyarin motata yake. Na ce hagu. Ya yi dariya ya ce, “Yaro, ajiye wannan, ba naka ba ne. Wannan tun kafin a sauya hannu ya shigo.” Na ce, “Baba, ai duk 404 ce.” Sai ya juya shi ya nuna min ramin agogo a ɓangaren dama. Gaskiyarsa: sai ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motocin da suka shigo kafin nan sitiyarinsu a dama yake. Da na biya na tafi, da na sayi tarihi na kai gida ya zama kayan kallo.

Wannan dattijo ba shi da littafi ko kwamfuta. A kansa yake riƙe da wane hannun ƙofa ne ke shiga wace mota, wane mariƙin ɗaga gilashi ne sai an ɗan goge shi kafin ya zauna, wane kaya ne na ƙaramar 404 zai hau a-kori-kura, wane ne ba zai hau ba. Mako uku ya ɗauka kafin ya samo min dashbod na hagu daga wata mota da aka farke.

Sauran aikin na haƙuri ne. Robar gilashin gaba ta bushe, ruwan damina ya riƙa zuba ciki har tsatsa ta cinye wurin sa ƙafa, sai da mai walda ya yanke ya sa sabon faranti. Wayoyin wuta kuwa ba mu yarda da na gwanjo ba. Robar da ke jikin tsohuwar waya tana farfashewa, kuma mun tarar an maye gurbin fis biyu da zallar waya, abin da kan sa mota ta kama da wuta. A nan na fi son sabo ko da ba na asali ba ne. Fuskar ƙofa ta ciki mun yanka ta da katako mara kauri muka lulluɓe da leda, tunda ta asali ko an samu ruwa ya riga ya kumbura ta.

Inda muka yi gardama da ƙanena shi ne: wace shekara za mu mayar da motar? Shi yana son ta koma kamar ranar da ta fito daga masana'anta, irin yadda masu tara tsofaffin motoci a Turai ke yi. Ni kuwa na ga motar da na sani tun ina yaro ba ta taɓa zama haka ba. Akwai ƙugiyar da kawu ya sa aka yi masa walda kusa da madubi don rataye carbi, akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin benci na ajiye kuɗin lodi. Ba Peugeot ce ta yi su ba, amma cire su kamar goge sunan mai motar ne. Muka bar su. Ledar benci dai na bi ra'ayinsa, muka nemi mai kama da ta can ƙasa.

Abin da ke damuna yanzu shi ne motocin da ake cirar kayan suna ƙarewa. Kamfanonin narka ƙarfe suna saye da kilo, kuma ga mai rumfa ya fi sauƙi ya ɗora gangar jiki a sikeli yau da ya jira mai neman murfin aljihun dashbod shekara biyu. Matasan kasuwar sun koma kayan Toyota da Honda, inda ciniki yake, ba kuma laifinsu ba ne. Da na koma watan jiya neman makunnin fitila, na tarar rabin rumfar dattijon an kwashe. Ya laluba cikin wani tsohon gwangwanin madara ya ciro guda biyu, ya ce in riƙe duka, don ba ya jin wani zai sake zuwa tambaya.