Daga aji zuwa bakin aiki: Matakan da ɗalibin harkokin kasuwanci ke bi kafin ya tsaya da ƙafarsa

Duk shekara jami'o'i da kwalejojin fasaha na Najeriya suna yaye ɗalibai masu ɗimbin yawa a fannonin gudanar da kasuwanci, akanta da harkar banki. A Arewa wannan karatu ya daɗe da kafuwa: cibiyar Kongo da ke Zariya ta faro ne a 1947 a matsayin makarantar horar da malaman ofis, kafin daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. A yau kuma akwai irin su Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero a Kano. Sai dai tsakanin karɓar sakamako da zama cikakken ma'aikaci akwai matakan da doka da al'adar aiki suka shimfiɗa, kuma tsallake ɗaya daga cikinsu kan jawo asarar shekaru.

Hidimar ƙasa

Matakin farko shi ne shirin NYSC, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973. Mai digiri ko babbar difloma da ya kammala karatu bai haura shekara 30 ba wajibi ne ya yi hidimar shekara guda, wadda ke farawa da zaman sansani na mako uku. Wanda ya haura wannan shekaru ana ba shi takardar yafewa. Ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni suna neman ɗaya daga cikin takardun biyu kafin su ɗauki mutum, kuma batun kan biyo mutum ko da ya kai ƙololuwar muƙami. A watan Satumban 2018 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aikinta sakamakon taƙaddama kan takardar yafewarta.

Shaidar ƙwarewa

Digiri a fannin akanta bai isa ya ba mutum ikon sa hannu a rahoton binciken asusun kamfani ba. Wannan sai wanda ya zama mamba a ƙungiyar da doka ta amince da ita, kamar ICAN da aka kafa da dokar 1965, ko ANAN mai kwalejin horarwa a kusa da Jos. Ma'aikatan banki su ma suna da tasu cibiyar, wato CIBN. Jarrabawoyin nan hawa-hawa ne, kuma yawanci ana rubuta su ne mutum yana bakin aiki. Shi ya sa masu hangen nesa kan fara su tun lokacin hidimar ƙasa, kafin ɗawainiyar iyali ta hau kansu.

Aikin albashi

A aikin gwamnatin tarayya, mai digirin farko kan fara ne daga mataki na 8, kuma yana shafe shekara biyu a matsayin ɗan gwaji kafin a tabbatar da shi. A wannan lokaci ana lura da zuwansa aiki a kan lokaci, iya rubuta takardun ofis da kuma yadda yake zama da na gaba da shi.

Abin da ya fi ba sabon ma'aikaci mamaki shi ne bambancin da ke tsakanin albashin da aka rubuta masa a takarda da wanda ya shiga asusunsa. Ana cire haraji tun daga tushe. Dokar fansho ta 2014 kuma ta tanadi ma'aikaci ya riƙa zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Kuɗin na taruwa ne a asusu mai sunan ma'aikacin, kuma asusun yana bin sa duk inda ya koma aiki. Ya kamata ya riƙa duba ko ana zubawa, domin akwai wuraren da ake cirewa ba a aikawa.

Kasuwa

Wasu kuma shagon iyaye suke komawa a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa, ko su kafa nasu. Hukumar CAC ce ke rajistar sunan kasuwanci da na kamfani, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Da rajistar ce ake buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, ake kuma neman kwangila.

A nan ne karatu ke gamuwa da gaskiyar kasuwa. Ciniki mai yawa a waɗannan kasuwanni yana tafiya ne kan bashi da amana, sau da yawa ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba. Matashin da ya zo da niyyar rushe tsarin maigida a rana ɗaya ba ya daɗewa. Wanda ya fara da ƙirga kaya, rubuta shiga da fita, da raba uwar kuɗi da kuɗin cefane, shi ne ake sakar wa ragama sannu a hankali, har wata rana a miƙa masa makullin shago.