Gubar Dalma a Zamfara: Tarihin Dafin da Ya Biyo ta Turmi da Injin Niƙa

A farkon shekarar 2010, agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, domin annobar kaji da agwagi ba baƙuwa ba ce a karkara. Ba a jima ba sai ƙananan yara suka soma ciwo iri ɗaya. Yaro zai ƙi abinci, ya riƙa amai da ciwon ciki, jikinsa ya yi laƙwas, daga nan sai jijjiga ta kama shi, cikin 'yan kwanaki a kai shi makwanci. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu kuma suka danganta abin da iska. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa, wato MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura a ƙauyukan. Sun ba da maganin zazzaɓi, sun ba da na sanƙarau, yara ba su daina mutuwa ba. Sai da aka aika jini ɗakin gwaji a Turai aka san sunan cutar: gubar dalma.

Ɗalibin harshe zai lura cewa kalmar tana da siga biyu, dalma da darma, gwargwadon karin harshen mai magana, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin wannan ƙarfe. Har kwallin da ake sa wa jarirai a ido, sau da yawa daga dutsen dalma ake daka shi. Abin da ba a sani ba a ƙauyukan nan shi ne cewa dutsen da ake haƙowa domin zinariya cike yake da ita.

Asalin al'amarin yana kasuwar duniya. Bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya na 2008, farashin zinariya ya yi ta hawa har ya haura dala 1,000 a kan kowane oza. Manomin da gonarsa ba ta kai shi ƙarshen rani sai ya ga wata ƙofa ta buɗe. Maza suka shiga ramuka suna fasa duwatsu, suna ɗauko su cikin buhuna zuwa gari. To, a nan ne tsarin zaman gidan Bahaushe ya shigo cikin labarin. Matan aure suna kulle, kuma sana'ar mace a cikin gida take yin ta, don haka aka kawo masu duwatsun har tsakar gida. Suka riƙa farfasa su da guduma, suna dakawa a turmi, suna shanyawa a inda ake shanyar tsaba. Injin niƙan da aka saya domin gero da dawa da masara aka mayar da shi na niƙa dutse, ana niƙawa a bushe, ƙura na tashi tana sauka a kan tukwane da randuna da tabarmi. Bayan an wanke garin dutsen, a haɗa da zaiba domin ta kama zinariya, sauran tarkacen kuwa a zubar a bayan gida ko bakin kududdufi. Wasu ma sun yi tubali da shi.

A watannin Mayu da Yuni na 2010, wata tawaga daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Nijeriya, ta bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar da aka lissafa, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. A lokacin, maikurogiram 10 na dalma a kowace desilita ta jini ya isa ya sa likita damuwa, 45 kuwa shi ne ma'aunin da ake fara ba da magani. Kusan duk yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce, kuma na'urar hannu da aka je da ita ba ta karanta abin da ya haura 65, sai ga shi mafi yawansu sun zarce iyakarta. Ƙasar wasu gidaje ta nuna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali dokar Amurka ta lokacin ta tsaya a 400 ga filin da yara ke wasa. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka mutu a annobar.

Me ya sa yara, alhali iyayensu ne ke aikin? Amsar tana cikin yadda ƙaramin yaro ke ci. Mai rarrafe a ƙasa yake wuni, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kai shi. In an ba shi ɗan tuwo ya faɗi, zai ɗauka ya ci da ƙasarsa. Hanjin yaro kuma yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa, musamman in cikin babu komai, ko kuwa jikin yana ƙarancin sinadarin ƙarfe da na kalsiyam, domin jiki yakan karɓi dalma a gurbinsu. Daga nan sai abu ya zama zagaye. Dalma tana kashe sha'awar abinci, tana kawo ƙullewar ciki da ƙarancin jini. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma an san shi da sa yaro kwaɗayin cin ƙasa. Yaron da ya ture kunu ya juya yana lasar bango, a gidan da ƙasarsa guba ce, kullum ƙara wa kansa yake yi. Uwa za ta ga ɗanta ya ƙi ci, ta ɗauka haƙora ne ko ƙiwar yaye, ta ƙara lallashi, ba ta san ƙwaryar da take dama masa kunu a ciki ita ma ta sha ƙura ba.

Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa hatsin ba daga gona ya ɗauko yawancin gubar ba, a wurin sussuka da shiƙa da daka da niƙa ya same ta. Masana duwatsu na Amurka kuma sun gano cewa dalmar yankin ta riga ta rikiɗe, saboda daɗewa cikin ruwa da iska, zuwa wani nau'i mai saurin narkewa a ruwan ciki. Wasu jariran ma da ita aka haife su, domin dalma tana kwanciya a ƙashin uwa shekara da shekaru, in ta ɗauki ciki sai ta fito ta bi jini ta ratsa mabiyiya.

Wannan hanya ta uwa zuwa ɗa ita ce ta haɗa labarin Zamfara da na wata guba mai suna dayokzin, wadda ba haƙo ta ake yi ba, tana samuwa ne wurin haɗa wasu sinadarai da kuma ƙona shara mai roba. Duniya ta san ta ta dalilin maganin kashe ciyawa da sojojin Amurka suka fesa a Biyetnam tsakanin 1961 da 1971, da kuma hatsarin masana'antar Seveso a Italiya ranar 10 ga Yuli 1976. Ita a kitse take taruwa, shi ya sa take bin nonon uwa. Ɓerayen gwaji da aka ba su ita da yawa sukan daina cin abinci su rame har su mutu, kuma wannan na cikin abin da ya sa likitocin Japan da Biyetnam suka shafe shekaru suna bibiyar yaran da aka haifa kusa da tsofaffin sansanonin jiragen yaƙi na Da Nang da Bien Hoa, suna auna gubar a nonon iyaye, suna duba girman yaran da yadda suke cin abinci. Dayokzin a hankali take aikinta. Ta Zamfara kuwa ba ta bar lokacin irin wannan bibiya ba.

Magani akwai shi, ƙwayar da ake kira DMSA, wadda ke kama dalma a jini ta fitar da ita ta fitsari. MSF ta buɗe sashen jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Sai dai ba amfanin a wanke jinin yaro a mayar da shi tsakar gidan da ta sa masa ciwon, don haka dole a fara tsabtace gari. Cibiyar Blacksmith da kamfanin TerraGraphics, tare da gwamnatin jiha da masarautu, suka jagoranci aikin, mutanen gari ne kuwa suka yi shi da fartanya da shebur: a kankare saman ƙasa, a zuba a buhu, a binne a rami nesa da gari, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Tsakanin Yunin 2010 da Maris na 2011 aka gama ƙauyuka bakwai, wato Dareta da 'Yargalma da Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza.

Bagega, wadda ta fi su girma kuma ta fi su tarkacen niƙa, ita aka bari a baya, da yara kimanin 1,500 suna jiran magani. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850, kuɗin suka maƙale. A taron da aka yi a Abuja a watan Mayun 2012 kan matsalar, ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch da matasan Follow The Money, irin su Hamzat Lawal, suka tayar da ƙura a Facebook da Twitter, sannan Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin a Janairun 2013. Damina biyu ke nan aka ƙara wa yaran Bagega a kan ƙasar da kowa ya riga ya san halinta, kuma wannan jinkiri da wuya a samo masa uzuri.

Ba a hana haƙar zinariya ta yi tasiri ba, domin talauci ya fi doka ƙarfi a wurin. Abin da ya yi amfani shi ne fitar da niƙa daga cikin gari, da jiƙa dutse kafin a niƙa, da sauya tufa a yi wanka kafin a koma gida a ɗauki yaro. Darasin bai tsaya ga Zamfara ba, tun da ana irin wannan haƙa ta hannu a wurare da dama, har da yankin Mayo-Rey da ke kudu maso gabashin Garwa a arewacin Kamaru, ko da yake ba kowane dutsen zinariya ke ɗauke da dalma ba. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara, wannan karon saboda 'yan bindiga. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jihar bayan kusan shekara goma sha biyu. Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, kuma a cikinsu akwai waɗanda jijjigar ta bar su da makanta ko shanyewar gaɓoɓi, abin da DMSA ba ta iya mayarwa.