Bayan An Ƙwace Wuƙa: Tarihin Haƙƙin Kare Kai a Ikilisiya da Dokar Arewa

Ranar 7 ga Maris 2025 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar da hukuncin kisa a kan Sunday Jackson, wani manomi daga Jihar Adamawa. Bisa ga bayaninsa, wani makiyayi ne ya shigo masa gona da dabbobi, ya kai masa sara da wuƙa ya ji masa rauni. Suka kama kokawa, Jackson ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya, mutumin ya mutu. Babbar Kotun Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021. Mafi rinjayen alƙalan Kotun Ƙoli sun ce da zarar wuƙar ta koma hannunsa haɗarin ya kau, yana da damar gudu. Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa musu, tana ganin kare kansa ya yi.

Mu a nan Jigawa maganar ba baƙuwa ba ce. Kusan kowace kaka sai an ji labarin rikicin manoma da makiyaya, musamman a yankin Guri da Kirikasamma, kuma masu bi na Dutse ba su manta da Satumba 2006 ba, lokacin da aka ƙone majami'u a cikin gari. Matashi zai tari fasto bayan sujada ya ce, "Baba, in an zo kashe ni, in tsaya?" Amsar tana da dogon tarihi.

Attaura ce ta fara shata iyaka. A Fitowa 22:2-3, mai gida da ya bugi ɓarawo cikin dare har ya mutu ba shi da alhakin jini, amma in rana ta riga ta fito, alhakin yana kansa. Ɓarawon ɗaya ne, gidan ɗaya ne. Bambancin kawai, da rana mai gida yana ganin wanda ke gabansa, yana kuma iya yin kururuwa maƙwabta su taru. Littafin Ƙidaya 35 ya ƙara da biranen mafaka guda shida, domin kada mai ɗaukar fansa ya riga taron jama'a yanke hukunci.

Ubannin ikilisiya sun fi haka tsanani, abin da yakan ba ɗalibai mamaki. Ambros na Milan ya koyar cewa bai dace Kirista ya rama wa ɗan fashi mai makami ba domin ceton ransa, amma shi ɗin dai ya ce wanda ya iya kare ɗan'uwansa daga cuta ya ƙi, ya yi tarayya cikin laifin. Agustin, a wasiƙarsa zuwa ga Publikola, bai yarda mutum ya kashe don kada a kashe shi ba, sai in soja ne ko ma'aikacin hukuma da ke kare jama'a. Sai a ƙarni na 13 Toma Akwinas ya buɗe ƙofar: aiki guda yana iya haifar da sakamako biyu, tsira da rai da kuma mutuwar maharin. In niyyar mutum tsira ce, bai kuma yi amfani da ƙarfin da ya wuce bukata ba, ba shi da laifi. Ni dai ina tare da Akwinas, ko da yake Matiyu 5:39 ba ya barina in saki jiki da wannan matsayi.

Dokar da ake hukunta mu da ita ta biyo wata hanya, amma ta iso kusan wuri guda. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Cikin 'yan kwamitin akwai Farfesa Anderson, masanin shari'ar Musulunci wanda ya taɓa aikin mishan a Masar. Daga shawararsu aka samu kundin Final Kod, wanda ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. An ɗauko tsarinsa daga na Sudan, shi kuma daga kundin Indiya na 1860. Sashe na 59 zuwa 67 ne suka yi bayanin kare kai. Biyu daga cikinsu ya kamata kowane mai hidima ya riƙe: ba a yarda a yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke bukata ba, kuma babu haƙƙin kare kai in akwai lokacin neman taimakon hukuma. Sashe na 222 ya sassauta wa wanda ya wuce iyaka da kyakkyawar niyya, ba tare da ya shirya kisan tun farko ba: laifinsa kisan kai ne, amma ba na hukuncin kisa ba. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 33, shi ma ya amince da ƙarfin da ya zama dole wajen kare rai ko dukiya.

Wasu ƙasashe sun bi ta wani gefen. Jihar Florida ta Amurka ta cire wajibcin ja da baya a 2005, kuma harbe Trayvon Martin a 2012 ya jawo muhawara mai zafi a kan irin wannan doka. Can ana kukan an sakar wa mai bindiga mara, nan kuma ana kukan an ɗaure wa wanda aka sara hannu.

A ganina hukuncin Jackson ya auna daƙiƙar tashin hankali da ma'aunin mai zaune a inuwa. Wanda jini ke zuba daga jikinsa, maharinsa kuma yana riƙe da shi, ba ya lissafin cewa haɗari ya ƙare. Ko da an ce ya wuce iyaka, sashe na 222 yana nan. Amma kada mu ɗauki wannan shari'a mu wanke abin da ba shi ne ba. Tun bayan rikicin Kafanchan na 1987 ake jin wasu a kan bagade suna cewa kumatu biyu sun ƙare, babu na uku, kuma kiran Janar T. Y. Danjuma a Jalingo a Maris 2018 cewa jama'a su kare kansu ya ƙara wa maganar ƙarfi. Sau da yawa abin da ake kira kare kai a irin wannan wa'azi shi ne a kwana, a tara matasa, a bi sawu zuwa rugar da ba ta san hawa ba balle sauka. Wannan ramuwa ce. Fitowa ba ta yarda da ita ba, Akwinas bai yarda ba, Romawa 12:19 ta hana, Final Kod kuma yana kiranta kisan kai.

A Disamba 2025 Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi wa Jackson afuwa, bayan kimanin shekara goma a tsare. Afuwa ta fitar da mutum guda daga kurkuku, amma ba ta soke hukuncin Kotun Ƙoli ba. In irin wannan shari'a ta zo gaban Babbar Kotun Dutse gobe, da wancan hukuncin lauyan gwamnati zai kafa hujja.