Ran 15 Ga Watan Maris A Tarihin Sakkwato

Kwanan baya muna cikin darasin tarihi, muka tambayi yaran ajinmu ko akwai wanda ya san abin da ya faru ran 15 ga watan Maris. Nan da nan hannuwa suka tashi. Wani yaro ya miƙe ya ce ran nan ce manyan Rum suka taru suka kashe shugabansu Yuliyas Kaisar cikin majalisa, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Muka ce madalla, to, a nan ƙasarmu fa? Sai aji ya yi tsit. Ba mu ga laifin yaran ba, don abin da aka shuka shi kan tsiro. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattara muku labarin wannan rana a shafin nan, ku 'yan makaranta, gama in akwai ranar da ta cancanci ɗan Arewa ya riƙe a ka, to, ita ce wannan.

Watan Maris a ƙasar Turai lokacin fitowar ganye da furanni ne, amma a wurinmu bazara ce. Hunturu ya wuce, rana ta fara gasa mutane, rafuka sun ƙafe, amfanin gona yana rumbu. A zamanin da, lokacin nan ne hanya kan buɗe wa mayaƙa, don babu ruwan da zai tare doki. A irin wannan lokaci ne, cikin shekarar 1903, rundunar Turawan Ingilishi ta doso Sakkwato.

Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu cikin watan Oktoba na 1902, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu. Bai ko yi wata shida bisa gado ba al'amarin ya taso. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Molan ya ci Kano, Sarkin Kano Alu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Da labari ya iso, shawarar manya ta rabu uku. Waɗansu suka ce a yi yaƙi, waɗansu suka ce a nemi sulhu, waɗansu kuwa suka ce a yi hijira a bar ƙasar, yadda Shehu Usmanu ya bar Degel ya koma Gudu a 1804. Ba a gama daidaita baki ba sai ga Turawa sun taso ta wajen Shagari.

Ran Lahadi 15 ga Maris, watau cikin watan Zulhajji na shekarar Hijira 1320, kwana kaɗan bayan Babbar Salla, mutanen Sakkwato suka fito bayan ganuwa ta wajen kudu, suka ja dāga a filin da a ke kira Giginya. Sarkin Musulmi ya tsaya a tsakiya, Marafa Muhammadu Maiturare ya riƙe gefe guda, Sarkin Rabah Ibrahim ya riƙe ɗaya gefen. Sojan Turawa ba su kai dubu ba, mafi yawansu ma baƙaƙen fata ne 'yan ƙasan nan, hafsoshi kaɗai ne Turawa. Amma suna da igwa, suna da bindiga mai ruwa, wadda kan zubo harsashi ɗari ɗari kafin mutum ya ɗana kibiya goma. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ran nan karin maganar bai ci ba. Barade ba su ko sami isa inda mashi zai yi aiki ba. Kafin rana ta take tsaka taro ya watse.

Mutuwar da aka fi tunawa ran nan ita ce ta masu tsaron tutar Sarkin Musulmi. Sun ga kowa ya juya, suka ƙi gusawa. In wannan ya faɗi wancan ya ɗauka, har suka ƙare a gindinta. Turawan da suka yi yaƙin su da kansu sun rubuta jaruntakar mutanen nan. Yau birni ya cinye filin, sunan Giginya ya koma kan barikin soja da filin wasa, yara suna buga ƙwallo ba su san abin da sunan ya ƙunsa ba.

Bayan yaƙi manyan Sakkwato suka rabu hanya biyu, ga kuwa abin da mu ke so ku yi tunani a kai. Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da niyyar Makka, talakawa dubbai suka bar gonakinsu suka bi shi. Turawa suka bi sawunsa har Burmi, kusa da kogin Gongola, inda aka kashe shi ran 27 ga Yuli 1903 tare da mutum fiye da 600. A nan ne kuma shugaban sojan Turawa, Manjo Mash, ya rasa ransa. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja sauran jama'a har ƙasar Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nil kusa da Sannar. Garin yana nan da sunan Mai Wurno, zuriyarsu na ciki.

Waziri Buhari kuwa ya dubi mata da yara da tsofaffin da ba su iya tafiya, ya komo gari ya yi sulhu. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya rubuta wa malamai takarda yana bayyana hujjarsa, cewa ya miƙa wuya ne ga al'amarin duniya don addini ya tsira. Gwamna Lugga ya iso ran 19 ga wata, ran 21 aka naɗa Attahiru na biyu ɗan Aliyu Babba, Gwamna ya yi alkawari a gaban jama'a ba za a hana kowa addininsa ba. To, wa ya fi gaskiya, wanda ya tafi ko wanda ya zauna? Mu dai ba mu isa mu raba wannan gardama ba. Abin da muka sani, kowannensu ya ɗauki kaya mai nauyi, ba kuwa don kansa ya ɗauka ba.

Ga wani abin mamaki. A ran nan da Sakkwato ta faɗi, aka haifi yaro a Dange, ƙauye ne kudu da birni ba nisa, a gidan Usmanu Shehu ɗan Sarkin Musulmi Mu'azu. Aka raɗa masa suna Abubakar. Yaron nan ya girma ya yi karatu, ya riƙe sarautar Sardauna, sa'an nan cikin watan Yuni 1938 ya gaji baffansa Hasan ɗan Mu'azu, ya zama Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Ya shekara 50 yana sarauta, ya rasu ran 1 ga Nuwamba 1988. An haife shi ranar da Turawa suka shigo, ya ga dukan mulkinsu, ya ga fitarsu. A hannunsa kuma aka mayar da tutar Attahiru a 1960, wadda Turawa suka ɗauke a Burmi.

Saura abu na uku. Da aka zo ba Jihar Arewa mulkin kanta, shugabanninta suka zaɓi ran 15 ga Maris 1959, shekara 56 daidai bayan Giginya, ta kuma faɗo ran Lahadi kamar waccan. Ran nan Gwamna ya bar wa Firimiya shugabancin majalisar zartaswa a Kaduna. Firimiyan kuwa shi ne Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, jinin Shehu. Da ya ke ana cikin azumi, aka ɗaga bikin sai watan Mayu, sarakuna suka taru a Kaduna aka yi babban hawa. Jihar nan ba ta daɗe ba, gama an kashe Sardauna ran 15 ga Janairu 1966, a 1967 kuma aka rarraba ta jihohi shida.

To, kun ji abin da rana guda ta ƙunsa. Mutanen Giginya ba zuciya suka rasa ba, sun rasa sanin da a ke ƙera igwa da shi, da shawara guda a kan lokaci. Abin da takobi ya kāsa riƙewa a 1903, 'ya'yansu da suka shiga makaranta sun karɓo shi da alƙalami a teburin shawara. Wannan alƙalami shi ne yau ke hannunku.

Muna roƙonku abu guda. In kun tafi hutu, ku zauna gaban tsofaffinku ku tambaye su yaushe aka kafa garinku, wane ne sarki na fari, wace shekara aka yi yunwa, wace shekara fāra ta sauka. Ku rubuta da rana da wata da shekara, gama kowane gari yana da irin tasa ranar, in tsoho ya kwanta dama da ita a ciki, shi ke nan ta tafi. Waiwaye adon tafiya. Allah ya ji ƙan mazan jiya, ya sa ku fi mu, amin.