Daga Kabo zuwa Dimorphos: Yadda ake kare duniya daga duwatsun sama

A ranar 25 ga Afrilun 1971, duwatsu suka faɗo daga sama a yankin Kabo, wanda ba shi da nisa da Kiru a Jihar Kano. Abin da aka tattara ya haura kilo 13. Kafin nan, a ranar 3 ga Oktoban 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin Jihar Katsina ta yanzu. Bincike ya nuna cewa ɓallowa ya yi daga duniyar Mars. Ashe dai faɗowar dutse daga sama ba labarin ƙasashen waje kaɗai ba ne.

Yawancin irin waɗannan duwatsu ɓarɓashi ne na manyan duwatsun da ke kewaya rana. Ƙananan sukan ƙone a cikin iska kafin su iso ƙasa. Manyan ne abin tsoro. A ranar 15 ga Fabrairun 2013, wani mai faɗin kimanin mita 20 ya tarwatse a saman birnin Chelyabinsk na Rasha, ya raunata mutane kusan 1,500, akasari da fasassun gilasan tagogi. Babu wanda ya hango shi, domin daga ɓangaren rana ya bullo.

Kariyar tana da matakai biyu: hangowa da karkatarwa. Tun 2014, ƙungiyar IAWN, wadda aka kafa bisa shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya, ke tattara bayanan masu sa ido tana fitar da gargaɗi. Ita kuwa hukumar NASA ta Amurka ta gwada karkatarwa a ranar 26 ga Satumban 2022, lokacin da kumbonta DART ya daki dutsen Dimorphos da gangan. Dukan ya rage lokacin da dutsen ke ɗauka wajen kewaya abokinsa Didymos da fiye da rabin awa. Sai dai wannan dabara ba ta aiki sai an samu gargaɗin shekaru.

Najeriya ta taɓa shiga cikin lissafin. A Fabrairun 2025, yiwuwar dutsen 2024 YR4 ya faɗo duniya a ranar 22 ga Disamban 2032 ta kai kusan kashi 3 cikin 100, kuma layin wuraren da zai iya sauka ya ratsa Afirka ta Yamma. Ƙarin awo ya kawar da barazanar daga baya.

Inda karkatarwa ta gagara, abin da ya rage shi ne kwashe jama'a, kuma wannan aikin hukumomin gida ne. Ƙasar na da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, ga NEMA da takwararta ta Kano. Tambayar da ta kamata matasa su yi wa wakilansu ita ce: idan gargaɗi ya zo, ta wace hanya zai isa ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada, ko mazauna gefen madatsar Tiga a Bebeji? Hanyar da za ta kai saƙon dutse ita ce za ta kai na ambaliya.

A ranar 13 ga Afrilun 2029, dutsen Apophis zai gifta duniya a tazarar kilomita 32,000 ba tare da ya taɓa ta ba. A daren, mutanen Afirka za su iya ganinsa da ido.