Haɗarin farfelar jirgi mai saukar ungulu a ƙasa

Babu babban filin jirgin sama a Wurno da Rabah da Goronyo. Mafi kusa shi ne na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato. Saboda haka idan jirgi mai saukar ungulu ya kawo manyan baƙi ko jami'an tsaro, a fili yake sauka, inda jama'a kan yi dafifi domin kallo.

Babban haɗarin shi ne ƙaramar farfelar wutsiya. Saurin juyawarta ya ninka na babbar farfela sau da dama, har ido ba ya ganinta sosai, kuma a ƙananan jirage tana daidai tsayin mutum. Matuƙi kuwa ba ya hango wanda ke bayansa.

Ƙa'idar ita ce kada a tunkari jirgin ta baya. A jira izinin matuƙi, a zo ta inda yake ganin mutum, a sunkuye. Idan wurin gangare ne, a biyo ta ƙasan gangaren.

Iskar farfela kan ɗauke hula ko mayafi. Kada a bi su, kuma a riƙe yara nesa har farfelar ta tsaya cak.